Kuncin Baba Modu Na Dama

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ranar da na kai wa Baba Modu kyautar hoto kam, ba zan taɓa mantawa da ita ba. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da a tsakiyar sanyin Jos ne.

A lokacin ina aiki a wani shagon hoto a Laranto, wurin wani mutumin Filato da muke kira Oga Pam. Ni ba mai ɗauka ba ne, mai gyara ne. Oga ya fita da kyamara ya ɗauko, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in wanke. Kuraje, gumi, jan ido, wayar lantarki da ta ratsa ta bayan hular ango, duk aikina ne. Amma abin da aka fi sanina da shi shi ne gashi.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a waje a garin nan ya san iskar Jos ba ta da ta-ido. Amarya za ta wuni a wurin mai kwalliya, a kwashe ta a kai ta bakin ruwa a Rayfield ko kan duwatsu, da zarar Oga ya ce "oya, a yi murmushi", sai iska ta taso ta watsa mata gashin kanti a fuska kamar gemun masara. Masu ɗankwali ma ba su tsira ba. Sili biyu ko uku za su leƙo ta goshi, uwar miji kuwa ba za ta rataye hoton da gashin surukarta ya leƙo ba. Duk irin waɗannan teburina suke ƙarewa.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Za ka jawo hoton kusa, ka ƙara jawowa, har fuskar ta cika allon kwamfuta ka daina ganin mutum, sai fata da layuka kawai. Sai ka riƙa ɗebo lafiyayyar fata daga gefe kana ɗorawa a kan silin, kaɗan-kaɗan, kana bin sa daga tushe har ƙarshe. Gwanintar ita ce kada wurin ya yi sumul kamar roba, a bar wa fata ƙofofinta yadda ba wanda zai ce an taɓa. Ni kuma, ba yabon kai ba, na iya. Oga Pam yakan ce wa masu kawo aiki, "Wannan yaro, ka ba shi hoton bunsuru, zai dawo maka da shi ba gemu." Na ɗauki wannan a matsayin yabo. Har suna na raɗa wa kaina, Likitan Gashi (ba wanda ya naɗa ni, kuma ban da ni ba wanda yake kira na da shi).

To, akwai Yagana. Hoton gama makarantarta ta kawo gyara, igiyar hular ta faɗo mata a ido, daga nan muka saba, har magana ta kai ga ina zuwa gidansu a Bukuru. Mahaifinta shi ne Baba Modu, Babarbare, mai sayar da huluna a kasuwar Bukuru. Mahaifinsa ne ya zo daga Borno tun zamanin haƙar kuza, shi kuma a nan aka haife shi. Ni kuwa Bafulatani ne, amma irin na gari: ban da saniya ko ɗaya, Fulatancin da na sani bai wuce gaisuwa ba. Abu ɗaya na gada cikakke, shi ne kunya. Mahaifiyata ta raine ni a kan cewa ba a kallon babba a ido, balle wanda kake neman 'yarsa.

Saboda haka in na je gaishe shi, tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa can nesa, in kafa idona a ƙasa har in tashi. Na san silifas ɗinsa baƙaƙe. Na san farcen babban yatsansa na hagu da ya tsage. Na san inda garwashin turaren wuta ya ƙona dardumar falonsa, da bakin rigarsa, da carbinsa mai ruwan ƙasa. Muryarsa kuwa ko a cikin kasuwa zan gane ta. Fuskarsa fa? Hula da farin gemu, su ma daga nesa, ta wutsiyar ido. Ni a ganina tarbiyya nake nunawa, har ina jin daɗin kaina.

Matsalar ita ce Baba bai ce in turo manya ba, kuma bai ce kada in turo ba. Yagana ce ta gaya mini dalili. Sana'ata ce ba ta kwanta masa ba. Wai ya ce, "Mutanen nan masu gyaran hoto ba sa barin mutum yadda Allah ya yi shi. Baƙi ya shiga shagonsu ya fito fari." Ta kuma ce bayan Babbar Sallah 'yan uwansa za su zo daga Maiduguri taron zumunci, a nan za a yanke maganarta, kuma cikin masu zuwan akwai wata gwaggo da take da ɗa saurayi, ta daɗe tana yi masa kamfe. A taƙaice dai, in ban burge Baba kafin baƙin nan su koma ba, na rasa Yagana. Ina son yarinyar nan ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni.

Sai dabara ta zo mini (da ma ta yi zamanta inda take). Na ce tunda sana'ata yake rainawa, bari in nuna masa ita a kan fuskarsa. In yi masa babban hoto a firem mai ruwan zinare, in kai masa gaban 'yan uwansa, ya ga cewa gyara daban, ƙarya daban.

Na ce wa Yagana ta turo mini hotonsa mafi kyau. Ta turo wani da ta ɗauka da wayarta a kan duwatsun bayan gidansu. Baba yana zaune, jikarsa Fanna, 'yar ƙaramar yarinya, ta gudo daga hannun mai kitso da kai a tsefe ta rungume wuyansa, ta manna kuncinta da nasa na dama. Iska kuma ta yi abin da ta saba, ta kwashe gashin yarinyar ta shimfiɗa masa a rabin fuska. Ɗaya rabin, na hagu, inuwar dutse ta rufe shi, ya yi duhu. Yagana ta ce shi ne kaɗai hoton da aka taɓa kama Baba yana dariya. Da yake ta waya aka turo, hoton ya ɗan dushe, amma na ce ba komai, an zo gidan likita.

Na zauna na jawo kuncin dama har ya cika allo. Siraran gashin na bi su ɗaya bayan ɗaya, suka tafi ba gardama. Da na gama da su sai na tarar da wasu a ƙarƙashi, masu ɗan kauri, dogaye, sun taso daga wajen kunne sun gangaro har muƙamuƙi, a jere reras. Na tuna har tsayawa na yi ina mamakin iskar, na ce kai, wannan ta iya jera gashi kamar da mataji. Akwai ma wani guda da ya sauko daga goshi ya bi karan hanci. Na ce wannan silin kuma ya yi nisan kiwo. Shi ma na bi shi.

Ina cikin yi Oga Pam ya zo wucewa da kofin shayinsa, ya tsaya a bayana.

"Wannan gashi ya miƙe da yawa fa," ya ce. "Ka tabbata gashi ne?"

"Oga, a bar wa likita aikinsa."

Ya kurɓi shayi. "To, likita. Allah ya ba da sa'a."

Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi har yau. Na bar masa tamojin tsufa na gefen ido, na bar farin gemun yadda yake, don kada ya ce na mai da shi yaro. Layukan nan kawai na kwashe tas, na shimfiɗa fata mai kyau a wurin, yadda ko wanda ya haife shi ba zai ce an taɓa ba. Ɓangaren hagu kuwa da yake duhu ne kuma gashin bai kai can ba, ko jawo shi ban yi ba.

Na tura wa masu buga manyan hotuna a cikin gari, suka buga, suka sa a firem, suka naɗe da takarda. Da na je karɓa mai shagon ya ce in buɗe in duba. Na ce masa aikina ba ya bukatar dubawa. Yagana ma ta roƙa in turo mata ta gani, na ce a'a, so nake kowa ya gani lokaci ɗaya. Allah kuwa ya karɓi wannan addu'ar.

Ranar taron na sa shaddata ta Sallah, na hau bas ɗin Bukuru da firem a cinya, ina faɗa da kwandasta kada ya jingina mini buhun dankali. Na isa bayan azahar. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, dattawa sun zauna da manyan riguna, ƙamshin turaren wuta ko'ina, mata suna daga gefen rumfa. A kan kujera kusa da Baba akwai yayarsa, wata tsohuwa da ake kira Ya Kaka, wadda aka ce ko Baba ba ya ƙetare maganarta. Na san ita ce saboda ƙafafunta sun sha lalle (kun dai gane inda idona yake).

Na durƙusa na gaishe su, na ce ga ɗan abin da na kawo wa Baba. Yayan Yagana ya karɓa, ya yage takardar, ya ɗaga hoton sama yadda kowa zai gani.

Wurin ya yi tsit.

Ni da kaina yake ƙasa, na ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure musu baki. Har na fara shirya amsar da zan bayar in an yaba, wani abu kamar "ai ba komai, Baba, yi wa kai ne." Sai na ji muryar Ya Kaka.

"Modu, wa ya sace maka rabin fuska?"

Wani dattijo ya ce, "Ku duba da kyau. Ta hagu Babarbare, ta dama Bafillace!"

Dariya ta ɓarke, har da masu tafawa. Na saci kallon hoton. Ashe injin bugawa ya haska inuwar da take duhu a kwamfutata, kuncin hagu ya fito fes, ga kuma irin layukan nan dogaye a jere a kansa, daga kunne har muƙamuƙi. Kuncin dama kuwa sumul kamar na jariri.

Yanzu, mai hankali a nan zai gane. Ni ban gane ba. Abin da ya zo mini shi ne na yi sakaci, na bar gashi a gefe ɗaya, shi ya sa ake dariya. Sai na gyara durƙuso, na buɗe bakina a gaban dangin Yagana kaf, na ce:

"Baba, a yi haƙuri, na wancan gefen ne ban gani ba. In an ba ni zan koma in goge sauran."

Dariyar ta tsaya cak, kamar an ɗauke wuta. Wata mata daga rumfa ta ce "Innalillahi." Na ji ƙarar faranti ya faɗi, daga baya na samu labarin a hannun Yagana yake.

"Yaro," in ji Baba Modu. "Ɗago kanka."

Na ƙara sunkuyawa.

"Na ce ka ɗago. Dube ni."

Na ɗago. Ranar na fara ganin fuskar mutumin da na daɗe ina zarya a gidansa. Ga su nan a kumatunsa duka biyu, dogayen zanen Barebari, tsufa ya ɗan lafar da su amma suna nan daram, ga kuma na goshin ya sauko ta karan hanci, wanda na ce ya yi nisan kiwo. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma tsakar gidan siminti ne.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga ya fi mini sauƙi. Ya sa yatsa a kuncinsa ya ce, "Ina jariri mahaifina ya nemo wanzamin garinmu ya yi mini su. Ya ce ko da a bakin ramin kuza aka haife ni, duk wanda ya gan ni ya san inda na fito. 'Ya'yana ban yi wa ko ɗaya ba, zamani ya wuce wurin. A gidan nan ni kaɗai na rage da su. Ƙasa ce za ta goge su, ba da daɗewa ba ma. Kai kuma ka riga ta."

Kunyar da nake taƙama da ita wasa ce a kan wadda na ji a lokacin.

"Tun yaushe kake zuwa gidan nan?"

"An kwana biyu, Baba."

"To duk zuwan nan me kake kallo?"

Na rasa ƙaryar da zan yi, sai gaskiya ta kuɓuce mini. "Ƙafarka, Baba."

Ya Kaka ce ta fara fashewa da dariya, har tana riƙe ciki. "Kunyar Fulani ke nan! Ka bar shi, Modu. Da hoton ƙafarka ka ba shi, da ko farce ba zai ɓata ba." Aka sake kwashewa da dariya. Kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗaya. To ranar na kai musu kaina har gida a faranti. Wani ya ce da ma Fulani sun daɗe suna baƙin cikin zanen nan don ba su da irinsa. Wani ya ce a duba shanun Borno ko na goge musu ƙaho. Gwaggon nan mai ɗa saurayi murmushi kawai take yi, kuma murmushinta ya fi duk maganganun ciwo. Baba dai bai yi dariya ba. Aka kawo abinci, na ce na ƙoshi, na nemi takalmana na fita, sai a tasha na lura ƙafa ɗaya ba nawa ba ne.

Washegari na ba Oga Pam labari. Sai da ya ajiye kofinsa ya zauna a ƙasa don dariya. "Likita ya yi fiɗa, ya cire abin da ba ya ciwo," ya ce yana share hawaye. Da ya nutsu sai ya ce, "Ni ma laifina ne. Na ga kamar zane ne, amma na ce surukinka ne, ka fi ni sanin fuskarsa."

Yagana ta ƙi ɗaukar wayata, da ta ɗauka kuma cewa ta yi, "Kai yanzu ko a hanya ka haɗu da Baba ba za ka gane shi ba ke nan?" Na ce in dai da silifas ɗinsa zan gane shi. Ta kashe wayar.

Na koma kan hoton asali, na cire gashin Fanna kawai, na bar kowane zane a wurinsa, na sake bugawa (wannan karon na buɗe na duba har mai shagon ya gaji), na aika. Baba ya dawo da shi. Na ce shi ke nan, magana ta mutu. Sai ga saƙo ta bakin yayan Yagana: Baba ya ce ba ya son gyararre. In zo da kyamara da kaina in ɗauke shi, kafin baƙi su koma.

Na ari kyamarar Oga na tafi. Ya fito da babbar riga da hularsa mafi kyau, ya zauna a kan dutsen nan na bayan gida, Ya Kaka tana gefe a matsayin mai sa ido. Ba yadda za ka ɗauki mutum hoto kana kallon ƙafarsa. Dole na sa ido a kyamara na dube shi sosai, shi ma ya kafe ni da nasa idon. Iska ta taso ta karkatar masa da gemu gefe guda, wasu silin farin gashi suka miƙe tsaye. Na sauke kyamarar ina jira ta lafa.

"Ɗauka," ya ce. "Haka iskar garinmu take. Kuma kada ka taɓa komai."

Ban taɓa ba. Yatsuna har ƙaiƙayi suke yi a kan gemun nan, amma na buga shi yadda yake na kawo. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya shafa kuncin hoton da babban yatsa, ya miƙa wa Ya Kaka.

"Wannan ni ne," ya ce. Ya juyo gare ni, na yi ta maza ban sunkuya ba. "Ka ce wa manyanka su zo. Amma su zo da fuskokinsu, ba sai ka gyara su ba."

Yanzu Yagana tana ɗakina, har da 'ya'ya. Sai dai kada ku ɗauka an yafe mini. Hoton da na ɓata Baba bai yar ba, yana rataye a falonsa, a saman mai kyan ma, daidai inda duk mai shigowa zai fara gani. Kowane baƙo sai ya tambaya, shi kuma sai ya gyara zama ya ba da labari tun daga farko, in ina wurin ya nuna ni da carbi. 'Ya'yana suna kiran hoton Kaka Rabi-da-rabi.

Ni kuma na ajiye sunan likita. Har yanzu ina goge gashin da iska ta watsa, da shi nake ci, amma kafin in taɓa kowane layi sai na mayar da hoton baya na ga mutumin gaba ɗaya, in na yi shakka in tambayi mai fuskar. In kuma na je gaida manya ina durƙusawa kamar da, tarbiyyar mahaifiyata tana nan. Sai dai a tsakiyar gaisuwar nakan ɗago in saci kallo sau ɗaya, don na gane kunya ba ta hana a ji kunya.